Tambayar hanya a ƙasar Lawos, inda «kusa» da «nesa» ke da suna guda

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Maganar tana nan daram muddin mai tambaya da wanda aka tambaya suna jin bakin juna. Ɗan kasuwar da ya saba da Kano da Dubai da Bankok, ko ma'aikacin da ya zaga tarurruka daga Dakar har Jeneba da Faransancinsa a baki, in rabo ya kai shi ƙasar Lawos zai tarar cewa tambayar ita kanta sana'a ce da ake koyo, kuma akwai wuraren da kuskuren jin amsa ke jawo abin da ya fi ɓatan hanya muni.

Lawos ƙasa ce ta duwatsu da daji a kudu maso gabashin Asiya. Faɗinta murabba'in kilomita 236,800, mutanenta sun haura miliyan 7. Kamar Nijar, ba ta da bakin teku: Sin na arewa da ita, Biyetnam na gabas, Kambodiya na kudu, Tailan da Bama na yamma. Kamar Nijar kuma, Faransa ta mulke ta, daga 1893 har ta sami cikakken ƴancin kai a 1953. Masu zuwa ta ƙasa daga Bankok sukan ƙetare kogin Mekong ta Gadar Abota, wadda Ostireliya ta biya kuɗin gininta aka buɗe ta a 1994. Nan ne baƙo ke fara gane cewa ya sauya duniya, domin a Tailan motoci na bin hannun hagu, a Lawos suna bin dama, kuma a gindin gadar ne direba ke sauya hannu. Daga nan zuwa tsakiyar babban birnin, Biyantiyan, kusan kilomita 20 ne.

Ganin farko yakan ruɗi wanda ya yi lakkwal. Allunan ma'aikatun gwamnati da yawa na ɗauke da Faransanci ƙarƙashin rubutun ƙasar. Da sassafe mata na sayar da dogon burodi irin na Yamai a bakin titi, suna ce masa «khau ci». Duwatsun awon hanya farare masu jan kai suna jere a gefen gudro kamar na hanyar Doso. Ƙasar tana cikin ƙungiyar masu amfani da Faransanci, wadda aka aza harsashinta a Yamai a 1970. Sai baƙo ya saki jiki, ya tare direban keke mai ƙafa uku ya zuba masa Faransanci tsantsa, direban ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, bai ji ko kalma guda ba. Faransancin ya rage ne a bakin wasu dattawa da likitoci da manyan ma'aikata. Matasan otel da na banki Ingilishi suke ɗan taɓawa. Mai shago da mai tuƙi da mai gona kuwa, harshen Lawo ne kaɗai, wani lokaci ma ba shi ba.

Ko sunan birnin ba haka masu shi ke kiransa ba. Abin da Nasara suka rubuta Vientiane, ƴan ƙasa «Wiyang Can» suke cewa. Rubutun boko na sunayen wurare gadon Faransawa ne, kuma ba a tsayar da ƙa'ida guda a kansa ba har yanzu. Harafin x ana karanta shi s, don haka lardin Xieng Khouang «Siyang Khwang» ne. Haruffan ph ba f ba ne kamar yadda ɗan lakkwal zai zata, p ne mai ɗan huci. Babbar ƙofar nan ta tunawa da mazan jiya da ke tsakiyar birnin, wadda aka gina tsakanin 1957 da 1968 da simintin da Amurka ta bayar don filin jirgin sama, ana iya ganin sunanta Patuxai a wannan taswira, Patouxay a waccan, Patousai a ta uku. Mai neman wuri cikin salularsa yakan rubuta suna daidai yadda ya gani a allo, salula ta ce babu. Shi ya sa masu wayo ke roƙon ma'aikacin masauki ya rubuta musu inda za su da haruffan Lawo a ƴar takarda. Haruffa ne masu lanƙwasa kamar zaren da ya warware, ba a raba kalma da kalma a cikinsu, baƙo ba zai karanta ba, amma direba zai karanta.

Titunan tsakiyar birni suna da sunaye, galibi na sarakunan da: Fa Ngum wanda ya kafa daular Lan Sang a 1353, Samsenthai, da Setthathirath wanda ya maido da gadon sarauta Biyantiyan a ƙarni na 16. Sunayen na kan alluna, amma ba su ne ke kai mutum gida ba. Birnin a rarrabe yake unguwa-unguwa, kowace ana ce mata «ban», wato ƙauye, kowace da mai unguwarta, kuma da yawa sun ɗauko suna daga «wat», gidan ibadar mabiya addinin Buda da ke tsakiyarsu. Ban Mixay na kewaye da Wat Mixay, Ban Haysok na kewaye da Wat Haysok. Wanda ya faɗi sunan titi da lambar gida sai a yi ta kallonsa. Wanda ya faɗi sunan unguwa da gidan ibadar da ke kusa, nan da nan a gane. Mutumin Damagaram da ya saba kwatance da Birni da Zango da gindin wata tsamiya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bature ne ke shan wuya.

Sa'an nan akwai kogi. Bahaushe da gabas da yamma yake kwatance, ko cikin ɗaki yana iya cewa a matsa da tabarma kudu. Mutumin Lawos da ruwa yake auna duniya. Kalmar «nuwa» na nufin arewa, tana kuma nufin sama, inda ruwa ke fitowa. Kalmar «tai» na nufin kudu, tana kuma nufin ƙasa, inda ruwa ke gangarawa. Tun da Mekong daga arewa yake sauka ya bi tsawon ƙasar zuwa kudu, ma'anonin biyu sukan dace. Unguwa guda takan rabu uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, a ƙara wa sunanta «nuwa» ko «kang» ko «tai», kuma wanda ya manta wannan ƴar jelar ta suna yana iya yini yana zagaye a unguwar da ba ita ba. A wajen gari kuma dutsen awon hanya ne ke zama suna. Ana ce masa «lak». Akwai gari mai kasuwa a kan hanyar arewa da ake kira Lak 52 kurum, akwai wani kusa da iyakar Biyetnam mai suna Lak Sao, wato dutse na 20.

Tambaya ba ta farawa da tambaya. Wannan ma ba sai an koya wa Bahaushe ba. Ana haɗa tafin hannu biyu a ƙirji, a ɗan sunkuyar da kai, a ce «sabaidi». Sai a ce «kho thot», wato a gafarta. Sai a kira mutum da sunan zumunci gwargwadon shekarunsa: «ai» ga namijin da ya girme ka kaɗan, «uwai» ga mace irin wannan, «nong» ga ƙane ko ƙanwa, «lung» ga sa'an baba, «pa» ga sa'ar inna, «pho thau» da «me thau» ga tsoho da tsohuwa. Tsohuwar da baƙo ya kira «me thau» da murya ƙasa-ƙasa takan aje abin da take yi ta fito har bakin hanya. Wanda ya ɗaga murya kuwa, ko ya nuna gaggawa da fushi, ya rufe wa kansa ƙofa, domin a can ɗaga murya zubar da girma ne, na mai yi da na wanda aka yi wa. Matasan masu ibada masu mayafi ruwan goro sukan so hira da baƙo don su gwada Ingilishinsu, sai dai mace ba ta taɓa su, ba ta kuma miƙa musu abu hannu da hannu.

Ginin tambayar da sauƙi. Ana faɗin sunan wuri a bi shi da «yu sai», wato yana ina. «Talat yu sai?», kasuwa tana ina. «Hong mo yu sai?», asibiti yana ina. Wanda ya ɓace ya ce «khoi long thang». Harshen ba ya sauya aikatau saboda namiji ko mace, ko jiya ko gobe, don haka baƙo na iya jera kalmomi kamar mai jera tubali, a kuma gane shi. Shi ma za a tambaye shi. Duk inda ya gifta zai ji «pai sai?», ina za ka. Ba bincike ba ne, gaisuwa ce, daidai da «ina zuwa?» da ake jefa wa mai wucewa a ƙofar gida, kuma amsa kowace iri ta wadatar.

Wahalar tana cikin amsa. «Liyau khwa», juya dama. «Liyau sai», juya hagu. «Pai su-su», miƙe sosai. Mai karatu ya riga ya lura cewa «sai» ta fito sau biyu, ɗaya tana nufin ina, ɗaya tana nufin hagu. Ta farko gajera ce, murya na hawa a ƙarshenta. Ta biyu doguwa ce, murya na faɗowa. Haka «sau» ta Talat Sao, babbar kasuwar birnin, safiya take nufi, amma «sau» mai tsawo ta Lak Sao ashirin ce. Harshen Lawo harshe ne mai karin sauti, masana na ƙirga kari biyar ko shida a bakin mutanen Biyantiyan, kuma tsawon wasali na sauya ma'ana.

Babban tarkon shi ne «kai». Baƙo ya gaji, jaka na kafaɗa, rana ta take, ya tambaya ko wurin da nisa. A amsa masa da «kai». In an faɗe ta da murya ƙasa, nesa ke nan. In an ɗauko ta daga sama aka sako ta ƙasa, kusa ke nan. In an riƙe ta a tsakiya ba hawa ba sauka, kaza ake nufi. In aka ƙara mata huci ta zama «khai», to an shiga wani gida: ƙwai, ko zazzaɓi, ko kuma, in an ja wasalin, sayarwa. Turawa da yawa sukan yi shekaru a ƙasar ba su rarrabe nesa da kusa ba, har abin ya zama abin ba'a tsakaninsu.

A nan Bahaushe yana da gadon da bai san yana da shi ba. Shi ma «kai» gare shi iri-iri: kai da ake ce wa namiji, kai da ke bisa wuya, kai na kai kaya kasuwa. Bai taɓa ruɗewa tsakaninsu ba, ko da yake rubutun boko bai nuna bambancin ba, domin kunnensa ya saba tun yana goye. «Kai» na bisa wuya, wanda murya ke faɗowa a kansa, shi ne ya yi kama da «kai» ta kusa a harshen Lawo, kuma ba abin da ya fi kan mutum kusa da shi. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin wahala. Sauran rabin kuwa dabarar ƴan kasuwa ce ke maganinsa, wato a mai da zance lissafi. «Cak kilo?», kilomita nawa. «Cak nathi?», minti nawa. Lambobi ba su da yawan gardama: «nung, song, sam, si, ha», ɗaya zuwa biyar, «sip» goma, kuma yatsu na nan in baki ya gaza.

Akwai wani tarkon da ba na sauti ba ne, na ladabi ne. Baƙo ya nuna hanya ya ce wannan ce ke zuwa wuri kaza? A ce masa «doi» ko «cau». Ya ɗauka an ce i. Sau da yawa abin da aka ce bai wuce «to» ko «na'am» ba, wato ana saurare, an girmama mai magana. Tambayar da amsarta i ce ko a'a ba ta da amfani sosai a ƙasar da musa wa baƙo ke da nauyi a baki. Gara a tambaya ina ne, a bar mutum ya nuna da kansa. Nunin ma sai an lura, don sau da yawa ba da yatsa ake yi ba, da leɓe ne da haɓa, a ɗan turo baki wajen da ake nufi, abin da duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sani. Nuni da ƙafa kuwa cin mutunci ne. In an gama a ce «khop cai», na gode, a amsa da «bo pen nyang», wanda ba shi da fassarar da ta fi «ba komi».

Ɗan kasuwa ya ƙara kula da kalmar tasha. Tun ranar 3 ga Disamba 2021 jirgin ƙasa ke tashi daga Biyantiyan ya ratsa duwatsu fiye da kilomita 400 zuwa Boten a iyakar Sin, daga nan ya wuce Kunming. Tun Yulin 2024 kuma wani jirgin ke zuwa kai tsaye daga Bankok. Tashoshinsu daban-daban ne, kowace a wajen gari, kuma ba kusa da juna suke ba. Wanda ya ce wa direba «sathani lot fai» kurum, tashar jirgin ƙasa, bai faɗi ta Sin ko ta Tailan ba, yana iya isa tashar da ba tasa ba da tikiti a hannu, jirginsa na tashi a wancan gefen gari. Tashoshin mota ma haka: akwai ta arewa, akwai ta kudu, akwai ta tsakiya kusa da Talat Sao. «Nuwa» da «tai» sun sake dawowa.

Da an bar kwarin Mekong aka hau hanya mai lamba 13 zuwa arewa, lissafi na sauyawa. Bayan Vang Vieng hanya na nannaɗe duwatsu kamar rawani, kilomita ta daina nufin komi, sai a koma tambayar «cak suwa mong?», awa nawa. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ƙasa kan zabtaro ta toshe hanya, amsar jiya ba ta yau ba ce. Harshen ma na raguwa. Ƙidayar 2015 ta nuna ƙabilar Lawo kashi 53 cikin 100 ce kaɗai ta mutanen ƙasar. Khmu kashi 11 ne, Hmong kashi 9, ga wasu ƙabilu gomiya da ke bisa tuddai, kowace da bakinta. A ƙauyukan nan tsohuwa na iya rasa jin Lawo kamar yadda baƙon ya rasa, sai a kira ɗan makaranta ya tsaya tsakani. A mararrabar Phou Khoun hanya mai lamba 7 ta balle ta yi gabas zuwa Phonsavan, babban garin lardin Xieng Khouang. Daga Biyantiyan tafiyar yini ce cur a mota.

Abin da ke kai baƙi can shi ne Filin Tuluna. Manyan tuluna ne da aka sassaƙa daga dutse, wasu sun fi mutum tsawo, sun fi 2,000, a warwatse bisa tuddai. Masana na danganta su da zamanin da ke tsakanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa da shekara 500 bayanta. Wata Bafaransa mai binciken kayan tarihi, Madeleine Colani, ta yi aiki a kansu a shekarun 1930 ta nuna alaƙarsu da binne matattu, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya. Ƙasa ce buɗaɗɗiya mai ciyawa da iska mai sanyi, irin wadda ke kiran ƙafa ta bar hanya ta yanke ta cikin fili. A nan ne yankan hanya ke kashe mutum.

Daga 1964 zuwa 1973, lokacin yaƙin Biyetnam, jiragen Amurka sun yi sawu fiye da 580,000 a samaniyar Lawos, suka zuba bama-bamai sama da tan miliyan 2. Cikinsu akwai wani iri mai kama da babban kwando, wanda ke buɗewa a sama ya watsa ɗaruruwan ƴaƴa, kowane bai fi ƙwallon goruba girma ba. An ƙiyasta ƴaƴan nan sun kai miliyan 270, kuma kimanin miliyan 80 ba su fashe ba. Suna nan cikin gonaki da gindin gora da bakin rafi. Mutanen ƙasar na ce musu «bombi». Tun da yaƙin ya ƙare sun kashe ko sun naƙasa mutum fiye da 20,000, da yawa cikinsu yara ne da suka ɗauka abin wasa ne, da manoman da fartanyarsu ta dace da su, da matan da suka hura wuta a ƙasa ba su san abin da ke ƙarƙashi ba. Xieng Khouang na cikin lardunan da abin ya fi shafa. Ƙungiyar MAG ta Ingila ta fara aikin tono a ƙasar a 1994, gwamnati ta kafa tata hukumar, UXO Lao, a 1996, kuma a Biyantiyan aka yi taron farko na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar hana irin wannan makami, a Nuwamba 2010. Masu rauni da matattu sun ragu daga kimanin 300 a 2008 zuwa ƙasa da 100 a shekara, amma filin da ya rage ba a tsabtace ba ya ninka wanda aka gama nesa ba kusa ba.

Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan lardi ba «yu sai» ba ce. Ita ce «pai dai bo?», ana iya bi? Amsarta kalma guda ce ko biyu: «dai», ana iya, ko «bo dai», ba a iya. Wannan ƴar «bo» da ke gaba, gajera, mai saurin ɓacewa cikin iska ko ƙarar babur, ita ce dukan bambancin. Mai hankali yakan sake tambaya ta wata fuska, «mi labət bo?» a bakinsu, wato akwai bom, ya kuma ce «wau sa-sa», a yi magana sannu. A nan ladabin nan na ƙin musa wa baƙo ba ya aiki. Manomin da zai yi murmushi ya gyaɗa kai a kan kowace magana, in ya ga ƙafar baƙo ta nufi ciyawar da ba a taka ba, yakan ɗaga hannu ya yi tsawa.

Alamun yaƙin sun shiga cikin kwatance kansa. A ƙauyukan lardin ana ganin kwankwason bom an kafa shi ginshiƙin rumbu, ko shingen lambu, ko an cika shi da ƙasa an shuka albasa. Mutanen Ban Napia, kusa da Phonsavan, sun shahara da narka sanholon tarkacen yaƙi suna zuba cokula. Ramukan da bama-bamai suka haƙa sun zama tafkuna da damina, kuma ana iya ce wa baƙo ya wuce rami na biyu sa'an nan ya juya hagu.

A wuraren tulunan da aka buɗe wa masu ziyara, masu tono sun kafa ƙananan duwatsun siminti a gefen turba, jere biyu, kowane rabi fari rabi ja. Gefen fari na nufin an bincike ƙasar har ciki. Gefen ja na nufin an duba samanta ne kaɗai. Baƙo na tafiya tsakanin fari da fari, tulunan na tsaye dama da hagu, shanu na kiwo can cikin ja. Inda duwatsun suka ƙare kuma tafiya ba ta ƙare ba, sai a nemi yaron ƙauye ya wuce gaba, a bi turbar da ƙafafu suka riga suka daka, a sa ƙafa inda ya ɗauke tasa.